Macijin Lambun Malam Jumare

Lokacin da aka ga macijin, ƙanwata Sailuba tana cikin takabar mijinta Malam Jumare, ni kuma na kulle ɗakina a Gyallesu na tare wurinta a Ƙofar Kuyambana don kada ta zauna ita kaɗai. Damina ce, a shekarar nan ta casa'in da huɗu da man fetur ya ɓace daga gari, motoci suna kwana a layi kamar an shuka su.

Sunana Mariyamu, amma tun da na yi aikin jinya a asibitin Wusasa ba mai kirana da shi. Sista ake cewa. A can na san macizai, ba don ina son su ba. Mutanen ƙauye idan suka kawo wanda maciji ya sara, sukan zo da macijin a kashe cikin buhu, mu zazzage shi a ƙasa mu duba kafin a zaɓi allura. Na ga kasa, na ga kububuwa, na ga gamsheƙa, na kuma ga bayin Allah da yawa da aka farfasa wa kai alhali ko ɓera mai ƙarfi ya fi su cutarwa.

Allah bai ba Sailuba da Malam haihuwa ba. Abin da suke da shi muzuru ne, fari mai baƙin tabo a hanci. Malam ya tsince shi yana ɗan mitsitsi a gindin rijiyar masallaci, ya sako shi a aljihun riga ya kawo gida. Ya sa masa suna Bahago, don da hannun hagu yake jawo abinci. Malam mutum ne da ɗalibansa ba su taɓa ganin haƙorinsa ba, amma sai ka same shi a tsugune yana fasa wa Bahago ɗanyen ƙwai a kasko, yana ce masa, “To, almajirin Allah, a yi bisimilla.”

Da Malam ya rasu, Sailuba ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yaba mata, wai ga tawakkali, ga matar malami. Ni da nake kwana da ita na san ba tawakkali ba ne. Ta daina cin abinci. Tuwo sai ya kwana a kwano. Abu ɗaya ke sa ta kai loma baki: idan Bahago ya zo ya zauna a gefen tabarma yana kallon kwanon, sai ta gutsura ta ba shi, ta gutsura ta ci. Idan bai zo ba, ita ma ba ta ci. Na gane haka tun makon farko, na riƙa kamo shi ina ajiye shi kusa da ita duk lokacin abinci, kamar yadda ake kai wa majiyyaci magani. Ina tsoron ranar da za a ce babu shi.

Gidan na gado ne, sassa biyu. Ɗaya na Malam, ɗaya na ƙaninsa Alhaji Inuwa, ma'aikacin ofishin gona na ƙaramar hukuma, da matarsa Kulu da ɗansu mai rarrafe. Bayan sassan akwai lambun Malam, ya dangana da tsohuwar ganuwa: lemun tsami, zogale, gwaiba, kuɓewa, da tukwanen tattabarunsa da ya kafa a jikin katanga.

Kulu ce ta fara ganin macijin. Ta shiga tsinko zogale da hantsi, sai muka ji ihu, ta fito a guje ɗankwali a hannu.

“Maciji! Wallahi maciji! Ya kai taɓarya!”

“Taɓarya a tsawo ko a kauri?” in ji ni.

“Sista, ina ta raina kina tambayata awo?”

Na ba ta ruwa ta sha. Da ta nutsu, macijin ya ragu ya koma kamar muciya. Ta ce ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, da ya gan ta ya naɗe jikinsa yana gugar kansa da kansa, yana wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai.

Da Alhaji Inuwa ya dawo da yamma, a ƙafa, don motarsa na layin mai, ya ji wannan bayani, sai fuskarsa ta sauya.

“Kububuwa ce,” in ji shi. “Ba wani maciji mai wannan ƙarar sai ita.”

Ban ga laifinsa ba. Autansu Lawal kububuwa ce ta kashe shi a gona yana saurayi, Alhaji ne ya riƙe shi jini na tsattsafowa daga dasashinsa har rai ya yi halinsa. Na sha ganin irin wannan mutuwar. Wanda ya gan ta sau ɗaya ba ya son a ja masa magana.

Yana tsaye a tsakar gida, nesa da ƙofar Sailuba, don mai takaba ba ta fuskantar ƙanin miji, shi ma ba ya yi mata magana sai ta bakin wata. Yaya yake ce mata, tunda matar wansa ce. Ya dubi Kulu ya ce, “Ki ce wa Yaya a ba mu aron muzurun nan. A rufe shi a lambu, zai fito da ita. Kowa ya san kyanwa ta fi ƙarfin maciji.”

Ta bayan labule na ga hannun Sailuba ya jawo Bahago ta ɗora shi a cinya.

“Wa ya sani?” na ce.

“Kowa da kowa, Hajiya Sista. Tun muna yara.”

“Tun muna yara aka ce mana idan mace ta ci ƙwai za ta haifi ɓarawo, ga ka nan uwarka ta ci ƙwai, har yau ba a kama ka ba.”

Kulu ta toshe baki da ɗankwali. Alhaji bai yi dariya ba.

“Na ga kyanwar da ta yi faɗa da kububuwa,” na ce. “Ta kashe macijin, haka ne. Kafin la'asar kanta ya kumbura ya yi kamar kabewa, kafin magariba ta mutu. Muzurun nan ba ya shiga lambu. Ka ba ni zuwa gobe in ga abin da idona.”

“Ki gan shi ki yi masa me, ki auna masa zafin jiki?”

“In san sunansa. Ku ma a ofishinku ai ba kwa fesa wa gona magani sai kun san ƙwaron.”

“Wa ya gaya miki?” in ji shi, ya shige sashensa.

Washegari da rana ta fito na sa takalman roba na Malam, na ɗauki kujera 'yar tsuguno da sanda, na shiga lambun. Ban nemi macijin ba. Ƙasa na riƙa dubawa. A gindin tukwanen tattabaru na ga abin da ya sa na sauke numfashi: ɓawon ƙwai, a murƙushe, a naɗe wuri ɗaya dogo-dogo, kamar tuƙar rake da aka tsotse aka tofar. Na sami guda, na matsa gaba na sami wani, ya bushe, ya daɗe. Tun Malam na da rai abin nan ke zaune a lambun.

Na zauna na jira. Da rana ta ɗan yi zafi ya fito daga tsagar ganuwa, ya bi jikin katanga yana hawa a hankali zuwa bakin tukunya. Kala dai kalar kububuwa ce, dabbare-dabbaren ma ya kwaikwaya. Amma kububuwa gajera ce, mai kauri, kanta faffaɗa ne ya fita daban da wuya, kuma 'yar ƙasa ce, ba ka cika ganinta tana hawan katanga neman sheƙar tsuntsu ba. Wannan siriri ne, dogo, kansa ɗan ƙarami, da kyar za ka ce ga inda wuya ya ƙare kai ya fara. Na miƙa sanda kusa da shi. Ya faɗo ƙasa, ya naɗe, ya yi ta gugar jiki yana wannan ƙara, ya wangale baki ya kawo sara a iska. Cikin bakin baƙi ne, ban ga fiƙa ko ɗaya ba. An taɓa kawo mana irinsa a buhu, wani likita ya sa yatsa a bakinsa ya nuna mana. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Ƙwai yake haɗiyewa ɗungurungum, ya fasa shi a maƙogwaro, ya tsotse, ya amayar da ɓawon. Duk burgar nan aro ce, don a ɗauka kububuwa ce a bar shi.

Na ce masa, “Kai ma dai wahalalle ne,” na ɗauki ɓawon na fito.

Na sami Alhaji a zaure yana ɗaura agogo. Na shimfiɗa masa ɓawon a tafin hannu na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Ya juya ɓawon da ɗan yatsa.

“Kin sa hannu a bakinsa?”

“A'a. Na dai leƙa.”

“Kin leƙa. Da idon da kike neman tabarau kafin ki sa zare a allura.”

“Tabarau na hancina, Alhaji.”

“Hajiya, ina da yaro mai rarrafe. Idan kin yi daidai, mun yi asarar maciji ɗaya. Idan kin yi kuskure fa?”

Tambaya ce mai kyau, na gaya masa haka. Na ce to kada a bar shi, amma a kore shi ta hanyar da ba za ta taɓa kowa ba. A kwashe ƙwan tattabarun kullum, a toshe tsagar ganuwar da laka, a sare ciyawa. Idan ya rasa abinci zai ƙara gaba da kansa. A rufe ƙofar lambu saboda yaro. Abin da na roƙa ɗaya ne, kada a zuba guba a gidan nan, akwai dabba.

Ya ƙara duban ɓawon. “Ƙwai yake ci, kika ce?”

“Ƙwai kawai.”

“To, an ji.”

Na koma ciki na ce wa Sailuba a rufe Bahago a ɗaki har a gama da maganar lambu. Ta ce, “Yaya, bai saba ba. Malam bai taɓa rufe shi ba.” Na ce ya yi haƙuri, na 'yan kwanaki ne. Muka sa masa ƙasa a tsohon kwano a lungu. Ya yi ta zagaye yana kuka, yana karce ƙofa. Duk da haka da rana ya zauna gefen tabarma, Sailuba ta ci fate rabin kwano, na ji daɗi.

Da safe aka aiko daga Gyallesu cewa ruwan da aka yi ya yaye kwanon rufin ɗakina. Na ce wa Sailuba zan je in dawo kafin azahar, kada ta buɗe masa. Na leƙa sashen Kulu na gaya mata ita ma. Ta ce, “To, Sista,” ba ta ɗago kai daga wankin da take yi ba. Na ɗauka aiki ne ya yi mata yawa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da asuba Alhaji ya ɗauko maganin feshin auduga da yake ajiye da shi, ya fasa ƙwai a kasko, ya tsiyaya, ya gauraya, ya kai gindin tukwanen tattabaru. Ya ce wa Kulu ta shaida wa Sailuba, tunda shi ba dama ya yi mata magana. Kulu ta auna abin ta ga idan ta faɗa ina gida, zan je in zubar, a yi rigima da mijinta. Bayan na fita kuma ta zo har bakin ƙofar Sailuba, ta ji ta tana lazimi, ta ga bai dace a katse mai takaba da maganar guba da kisa ba. Ta ce a ranta ai muzurun a rufe yake. Ta koma wankinta.

Shi kuwa Bahago ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Sailuba ta ce ta ga kamar yana kallon inda Malam ke zama yana kai ƙararta. Ta buɗe masa don ya sha iska a tsakar gida. Ta san ƙofar lambu a rufe take. Kyanwa kuwa ba ta san ƙofa ba, katanga ta bi.

Macijin nan ba zai ko kalli fasasshen ƙwai ba. Sai ya ji shi cikakke, da ɓawonsa, yake haɗiya. A duk gidan, mai rai ɗaya ne ya saba a fasa masa ƙwai a kasko.

Tun daga zaure na ji muryar Sailuba, ba da ƙarfi ba. “Bahago. Bahago, tashi mana.” Na same ta a durƙushe a tsakar gida ba mayafi. Yana kwance a gefe ɗaya, yawu na dalala har ya jiƙa ƙasa, fatar bayansa na rawa, ƙafafunsa na shure-shure. Kulu na tsaye daga nesa da hannu a ka.

“Macijin ne ya sare shi,” in ji Sailuba. “Yaya, kin ce ba ya sara.”

Na juya shi, na laluba ko'ina, ba kumburi, ba jini. Na buɗe idonsa, ƙwayar ta tsuke ta koma kamar zare. Na sunsuna bakinsa. Warin ya buge ni, irin na tafarnuwa da kananzir. Na san warin. An sha kawo mana manoma da shi.

“Kulu,” na ce, “me aka sa a lambu?”

Ta fashe da kuka.

Ban tsaya jin sauran ba. Akwai allurar da ke karya wannan gubar idan an yi da wuri. Asibitin dabbobi ya yi nisa, ba mota. Wusasa ta fi kusa, kuma can akwai Dogara, wanda muka yi aiki tare, ya buɗe kemis bayan ya yi ritaya. Na goge bakin Bahago da tsumma, na naɗe shi a zani na sa a kwando. Sailuba ta jawo mayafi ta biyo ni har zaure.

“Zan je.”

“Ba ki da iko, kin sani.”

“Yaya, ba ya yarda da kowa ya riƙe shi sai ni.”

“Zai yarda da ni yau.”

Ta tsaya a bakin ƙofar zauren, yatsun ƙafarta a kan dokin ƙofa. Ta sa hannu cikin kwandon ta shafa kansa, na janye na fita.

Titi fayau, ba tasi, ba bas. Na daɗe a tsaye kafin wani mai acaɓa ya ɓullo. Ban taɓa hawa babur ba a rayuwata. Na hau. Da ya ji motsi a kwandon ya waiwayo.

“Hajiya, kaza ce?”

“Kyanwa ce. Ja mu tafi.”

“Kyanwa? Kemis za a kai kyanwa, mutane na tafiya a ƙafa?”

“Kai aka ce ka biya? Ja!”

Muka fita ta Kuyambana, hanyar duk taɓo. Ina jin numfashinsa a jikin cinyata ta cikin kwandon, yana ƙarar ruwa-ruwa, kamar ana zuƙar kunu da tsinke. Na riƙa yi masa magana, ni da ban taɓa yi wa dabba magana ba sai macijin jiya. Ban san abin da na ce ba.

Dogara yana zaune a benci yana sauraron rediyo. Ya tsufa, ya yi furfura har gira.

“Sista Mariyamu! Yau da wa na tashi? Ke ce a kan babur?”

“Dogara, maganin feshi. Kana da allurar?”

Ya miƙe bai ƙara tambaya ba. Sai da ya dawo da sirinji ya ce, “Ina majiyyacin?” Na buɗe zanin. Ya dube ni, ya dubi kwandon. Na jira ya yi dariya. Bai yi ba.

“Na wa ne?”

“Na Sailuba. Na mijinta ne.”

“Allah ya jiƙan Malam,” in ji shi. “Riƙe min fatar wuyan.”

Muka ƙiyasta abin da za a ba ɗan jariri, muka rage, ya yi masa. Muka kwantar da shi a kan teburin kemis ɗin, kai a ƙasa don ruwan ya fita. Yawun ya ɗan tsagaita. Rawar jikin ta ragu. Ya buɗe ido ya dube ni, har ya yi ƙoƙarin ɗaga kai. Na ce, “Dogara, ka gani?” Ya ce, “Na gani,” amma hannunsa na kan ƙirjin muzurun, bai ɗago ya dube ni ba. Mun yi aiki tare da daɗewa, na san wannan shirun nasa. Ya ƙara wata allurar. Numfashin ya riƙa nisa da juna. Ya ja ɗaya mai tsawo, muka jira na gaba, bai zo ba.

Dogara ya rufe shi da zanin da kansa. “Ya sha da yawa, Sista. Ko a ƙofar nan ya sha ba lalle ba ne.”

“Na sani.”

“Zauna ki sha ruwa.”

“Tana tsaye tana jira.”

A ƙafa na dawo. Ban so in isa da wuri ba. Kwandon ya fi nauyi a dawowa, ko hannuna ne ya gaji.

Tana nan inda na bar ta, a bakin zaure, rana ta juyo tana dukan fuskarta. Kulu ta ce ko zama ba ta yi ba, salla ma da kyar ta shiga ta yi ta dawo. Tun daga nesa ta ga yadda nake riƙe da kwandon. Ta miƙo hannu. Ta karɓa, ta shiga tsakar gida, ta zauna a ƙasa, ta fito da shi ta ɗora a cinya. Ta gyara masa kunne. Sannan ta buɗe baki ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa daga gare ta ba, ko ranar da uwarmu ta rasu. Tattabarun Malam suka tashi gaba ɗaya.

Kafin a jima maƙwabta sun cika zaure, sun ɗauka wani ne ya mutu. Da suka ji kyanwa ce, sai aka fara kallon juna. Wata dattijuwa daga gidan gaba ta matso ta ce, “Haba Sailuba, ki ji tsoron Allah. Mijinki guda ba ki yi masa wannan ba, sai dabba? Me mutane za su ce?”

Na tashi na tsaya tsakaninsu. “Iya, kin zo gaisuwa ne ko wa'azi?”

“Gaskiya nake faɗa, Sista. Ba a yi wa dabba kuka.”

“A wane littafi? Gidan malamai ne nan, ɗakin can cike yake da littattafai, shiga ki ɗauko min.”

Ta ja mayafinta ta fita tana gunaguni, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Na tura ƙofar zaure na sa sakata, abin da ba a taɓa yi da rana ba a gidan.

Alhaji Inuwa ya dawo bayan la'asar, sai da ya buga na buɗe. Kulu ta tare shi ta gaya masa. Ya tsaya a tsakar gida da jakarsa a hannu. Na shirya maganganu tun daga Wusasa, masu kaifi, na jera su ɗaya bayan ɗaya a hanya. Da na ga fuskarsa ban faɗi ko ɗaya ba.

“Na ce a gaya mata,” in ji shi. Ba da ni yake ba, ba da kowa ba. “Wallahi na ce a gaya mata.”

Ya ajiye jakar, ya tuɓe babbar riga, ya shiga lambu. Na bi shi na nuna masa kaskon, ya haƙa rami mai zurfi ya binne shi har da ƙasar da ke kewaye. Sannan ya koma gindin lemun tsami ya fara wani ramin. Ƙasar ta jiƙe, tana manne wa fartanya. Da ya gama ya dawo ya tsaya nesa da inda Sailuba take, ya dubi Kulu, ya buɗe baki zai ba ta saƙo. Sai ya fasa. Ya juya ya fuskanci matar wansa, ya tsuguna.

“Yaya,” in ji shi, “ni ne na sa. Ki yafe mini.”

Sailuba ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Yaron Kulu kake ji wa tsoro,” in ji ta. “Je ka, Inuwa. Ba komai.”

Ita ta ɗauke shi zuwa lambun, ta ƙi kowa ya taɓa. Ta sa shi a ramin da zanin nawa, ta tura ƙasar farko da hannu. Ban ga macijin ba ranar, ban kuma sake ganinsa ba. Alhaji ya toshe tsagar ganuwar washegari. Har yau idan maganar ta taso yakan ce Allah kaɗai ya san ko kububuwa ce, ni kuma na daina ja da shi.

Da magariba Kulu ta kawo tuwo da miyar kuɓewa, ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu. Na shigo da shi na buɗe, na zauna kusa da Sailuba a tabarma. Na gutsura na miƙa mata. Ta dubi lomar.

“Ya sha wahala a hanya?”

“Ya sha,” na ce. “Amma a ƙarshe ya samu sauƙi, har ya buɗe ido.”

“Ya neme ni?”

“Ya ɗaga kai yana dubawa.”

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi lomar ta riƙe a hannu har ta huce, sannan ta mayar cikin kwanon ta rufe.

“Sai an jima, Yaya,” in ji ta, ta kwanta ta juya fuska bango.

Na bar kwanon kusa da ita, na zauna ina jira.